The "5" Royales: tambayoyi da amsoshi kan ƙungiyar da aka ci moriyarta aka manta sunanta

Duk mai bin tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fatan Amurka ya san James Brown, ya san Ray Charles, amma in ka ambaci The "5" Royales sai kaga mutum ya tsaya yana kallonka, alhali mutanen nan biyu duk sun ɗauki waƙoƙin wannan ƙungiya sun rera sun ci kasuwa dasu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu da amsar da nake da ita, kuma tun yanzu in faɗa maku ni ina ɓangaren masu cewa an tauye masu haƙƙi.

Wai su waye ma The "5" Royales ɗin nan?

Mawaƙa ne 'yan garin Winston-Salem a jihar Karolina ta Arewa, kudancin Amurka, garin da aka sani da kamfanin taba na R.J. Reynolds. A coci suka fara, tun shekarun 1940 suna rera waƙoƙin ibada da sunan Royal Sons Quintet, suna zagaya majami'u da tarurruka a yankinsu. Jigon tafiyar shine Lowman Pauling, shi ke rubuta kusan duk waƙoƙinsu, shi ke riƙe da muryar ƙasa, daga baya kuma shi ke kaɗa jita. Sai Johnny Tanner wanda shine babban mai jan baki, da Jimmy Moore, da Obadiah Carter, da Otto Jeffries, sannan daga baya ƙanin Johnny wato Eugene Tanner ya shigo.

A 1951 kamfanin faifai na Apollo dake New York ya ɗauke su, kamfanin wata mata Bess Berman, wanda a lokacin Mahalia Jackson ce babbar tauraruwarsa a fannin waƙoƙin coci. Ba a jima ba aka karkata dasu zuwa waƙoƙin duniya, na soyayya da na rawa, a 1952 suka koma The "5" Royales.

Akwai kuma ƙanin Lowman da ya yi waƙa dasu tun zamanin coci kafin ya kama gabansa, shine wanda duniya ta sani da Clarence Paul a kamfanin Motown, mutumin da ya riƙe Stevie Wonder tun yana ƙaramin yaro ya nuna masa hanya. Kaga kenan gida ɗaya ya fitar da mutum biyu da suka bar tambari a kiɗan Amurka.

Su biyar ne ko shida? Na ga hoto da mutum shida

Ka gani daidai. Lokuta da dama su shida ne, musamman bayan Eugene Tanner ya shigo shi kuma Otto Jeffries ya fi komawa ɓangaren kula da tafiye-tafiyensu. Sunan dai bai canza ba.

Sun taɓa yin tashe kuwa a zamaninsu, ko dai yanzu ne ake kambama su?

Sun yi tashe sosai, amma a tsakanin baƙaƙen fata. Sai ka fahimci yadda kasuwar take a lokacin. Mujallar Billboard tana da jadawali daban na faifan da baƙaƙe ke saya, wanda a 1949 aka fara kiransa jadawalin rhythm and blues, wato R&B a taƙaice, sannan ga babban jadawali na pop wanda shine na gaba ɗaya ƙasa, can ne kuɗi suke. A 1953 su Pauling sun hau lamba ɗaya a jadawalin R&B har sau biyu, da "Baby Don't Do It" da kuma "Help Me Somebody", kuma a wannan shekarar "Crazy, Crazy, Crazy" da "Too Much Lovin'" duk sun shiga goman farko, a 1954 "I Do" ta biyo baya. A cikin shekara ɗaya da 'yan watanni waƙa biyar kenan a goman farko, wannan ba ƙaramin abu bane, a 1953 ba ƙungiyoyi da yawa ne suka fi su zafi ba.

To sai a 1954 suka bar Apollo suka koma King Records na Syd Nathan a Cincinnati, kamfanin da ya fi girma ya fi ƙarfin rarraba faifai, kowa ya ɗauka yanzu ne zasu tashi sama, sai abun ya zo akasin haka. Kusan shekara uku suna fitar da faifai ba wanda ya kama kasuwa, sai a 1957 "Tears of Joy" da "Think" suka shiga goman farko na R&B. Ita "Think" ɗin ta leƙa jadawalin pop ta tsaya a lamba 66, kuma iyakar inda suka taɓa kaiwa kenan a can. Abun da ke ban tausayi shine a King ɗin ne suka yi mafi kyawun aikinsu, faifan da yau masana ke rantsuwa dasu sune waɗanda a lokacin suka kwanta a shago.

Akwai waƙarsu da zan iya sani ban san tasu bace?

Akwai, har guda uku, kuma anan ne maganar take.

Ta farko "Dedicated to the One I Love". Su suka fara fitar da ita a 1957, Eugene Tanner ne ya ja ta, jitar Pauling na amsa masa a bayan kowane layi. Bata yi wani tasiri a kasuwa ba. Sai 'yan matan nan The Shirelles na jihar New Jersey suka rera ta a 1959, aka sake fito da tasu a 1961 ta kai lamba 3 a jadawalin pop. Sai kuma The Mamas & the Papas suka sake ta a 1967 ta kai lamba 2. Yau in ka tambayi mutum goma da suka san waƙar, mafi yawansu ɗaya daga cikin waɗannan biyun zasu ce maka, ita kuwa ta asalin ko da aka sake fito da ita a 1961 dan ta bi zugar Shirelles a can ƙasa-ƙasan jadawalin ta tsaya.

Ta biyu "Think". James Brown ya ɗauke ta a 1960 ya ƙara mata gudu, ya tura ganga da ƙahonni gaba, ta shiga goman farko na R&B ta kuma shiga arba'in na farko a pop, kuma tana cikin shahararren faifansa na Live at the Apollo da ya fito a 1963. Bai barta nan ba, ya sake ɗaukarta a 1967 tare da Vicki Anderson, ya kuma sake a 1973. Masu bin tarihin funk da yawa suna ɗaukar "Think" ta 1960 a matsayin ɗaya daga matakan farko da James Brown ya taka zuwa wancan salon. Mick Jagger ma ya saka ta a faifansa na 1993. Kada a haɗa ta da "Think" ta Aretha Franklin ta 1968, waccan waƙa ce daban, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ta uku "Tell the Truth" ta 1958, wadda Ray Charles ya maida tasa a dandamali tare da 'yan amshinsa The Raelettes, ɗaukar da aka yi masa a Atlanta a 1959 ita ta fi shahara, Ike da Tina Turner su ma sun rera ta.

Duk ukun nan daga alƙalamin Lowman Pauling suka fito. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan, dan in ka haɗa abun da waƙoƙin nan uku suka samar a hannun wasu, su masu waƙar ko kusa basu ga kwatankwacinsa ba.

To in wasu sun rera sun fi su kasuwa, ba yana nufin waɗancan sun fi su iyawa ba?

Tambaya ce mai kyau kuma bazan ce maka waɗancan basu iya ba. "Think" ta James Brown babban aiki ce, ya canza mata jiki gaba ɗaya, ba kwafi ya yi ba. Shirelles ma sun saka wani taushi na ƙuruciya da ya dace da kunnen matasan lokacin, shi yasa tasu ta sayu.

Amma kasuwa abu ɗaya take aunawa, wa ya sayi faifai a wannan watan. Ka saka "Dedicated to the One I Love" ta asali ka saurara da kunnen basira, zaka ji wani abu da duk sauran suka cire, wato jitar nan mai kaifi dake shiga tsakanin layi da layi, da muryar babban mutum mai roƙo daga nesa, waƙar ta fi nauyi ta fi ciwo a bakinsu. Waɗanda suka biyo baya sun goge wannan kaifin ne dan waƙar ta shiga rediyon da bazai saka ta Royales ba. A wajena wannan ba fin iyawa bane, zaɓi ne na wanda ake so ya saya.

Me yasa ake yawan maganar jitar Lowman Pauling?

Saboda babu wata ƙungiyar masu haɗa murya a shekarun 1950 da take da irinta. A wancan lokacin in ƙungiya zata shiga situdiyo, makaɗan haya ake kawo masu, in aka zo tsakiyar waƙa mai busa saksafon ne yake fitowa ya yi nasa, jita tana can baya tana riƙe kari ba mai jinta sosai. Haka su ma faifansu na Apollo suke, saksafon ɗin Charlie Ferguson ne a gaba. Sai wajen 1957 a King aka saki Pauling da jitarsa ta Gibson Les Paul, daga nan komai ya canza.

Yadda yake kaɗawa shine baya cika waƙa da surutu. Mai jan baki zai faɗi layi, kafin ya ja numfashi sai jita ta watso amsa gajeriya mai zafi, ta yi shiru, a sake layi ta sake amsawa, wato ya maida jita ɗaya daga cikin 'yan amshi, tsarin da suka taso dashi a coci tsakanin mai wa'azi da jama'a. Kuma yana buɗe amsa-kuwwa har sauti ya fara tsagewa, abun da injiniyoyin situdiyo na lokacin suke gudu suna ɗauka aibi ne. A "The Slummer the Slum" ta 1958 har kukan nan da jita keyi in ta kusanci amsa-kuwwa ana ji, shekara shida kafin The Beatles su saka irinsa a farkon "I Feel Fine" a 1964 duniya ta yi ta mamaki. A dandamali kuma da doguwar igiya yake rataye jitar har wajen gwiwa.

Babban shaida akan wannan shine Steve Cropper, makaɗin jitar kamfanin Stax a Memphis, na ƙungiyar Booker T. & the M.G.'s, wanda hannunsa ke cikin "Green Onions" ta 1962, ya kuma rubuta "In the Midnight Hour" tare da Wilson Pickett, da "Knock on Wood" tare da Eddie Floyd, da "Dock of the Bay" tare da Otis Redding. Cropper ya sha faɗa a hirarraki cewa wajen Pauling ya ɗauko salonsa, ya ganshi a dandamali a Memphis yana saurayi, har tsawon igiyar jitar sai da ya kwaikwaya. Bai tsaya a baki ba, a 2011 ya fitar da faifai guda sukutum na waƙoƙinsu mai suna Dedicated, ya gayyato irin su B.B. King da Steve Winwood da Bettye LaVette da Lucinda Williams. To in ka san yawan waƙoƙin soul na Memphis da aka gina kan wannan gajeriyar amsar jita, ka san iya nisan da hannun Pauling ya kai ba tare da sunansa ya bi ba.

Da gaske ne su suka ƙirƙiro kiɗan soul?

A'a, kuma masu son su in suka faɗi haka suna rage wa hujjarsu ƙarfi ne. Ba mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta ƙirƙiro soul ba. Clyde McPhatter yana cikin The Dominoes tun 1950 yana zuba salon coci a waƙoƙin soyayya, Ray Charles ya ɗauki "I Got a Woman" a ƙarshen 1954, Sam Cooke ya bar ƙungiyar waƙar coci ta The Soul Stirrers ya fito da "You Send Me" a 1957, abu ne da yake tafasa a wurare da dama lokaci guda.

Abun da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shine suna sahun farko, kuma su ƙungiya ce sukutum da ta tsallako daga coci da tsarinta gaba ɗaya, ba mutum ɗaya da ya fice ba. "Help Me Somebody" ta 1953 in ka toshe kunne daga ma'anar kalmomin zaka rantse a majami'a ake rera ta, yadda Johnny Tanner yake ja da ƙarfi murya na karcewa, sauran na mara masa baya, kuma wannan kafin faifan Ray Charles ɗin da ake yawan cewa shine mafari. James Brown kansa bai ɓoye cewa 'yan ƙungiyarsa The Famous Flames a farkonsu Royales suke kwaikwayo ba, kuma da aka ɗauke shi a 1956 a Federal aka ɗauke shi, reshen King, wato gida ɗaya ya tarar dasu.

Me ya haɗa su da Hank Ballard? Na ji ance sun yi rikicin suna

Akwai wata ƙungiya a Detroit mai suna The Royals, wadda Hank Ballard ya shiga a 1953, suna ƙarƙashin Federal. Sunayen sun yi kama sosai, a lokacin kuma babu talabijin a kowane gida balle mutane su san fuskar mawaƙi, sai ya zama ana tallata wasan 'yan Detroit a kudu da sunan 'yan Winston-Salem masu tashe, har maganar ta kai kotu. A 1954 Royals suka koma The Midnighters, a daidai lokacin da "Work with Me, Annie" ta fashe masu. Wato a shekarar da Royales suka shigo King, waɗanda aka yi rikicin dasu ne suka zama 'yan lelen gidan.

To meye ainihin abun da ya hana su kaiwa inda su Platters da Drifters suka kai? Wariyar launin fata ce?

Tana ciki, ba a raba ta da komai na wancan zamanin. Kudancin Amurka a shekarun 1950 ƙarƙashin dokokin wariya yake, mawaƙi baƙi yana yawo ne a gidajen rawa da silima na baƙaƙe, otal da gidan abinci da yawa bazasu karɓe shi ba, gidajen rediyon farare kuma sun fi son a samu farar fata ya sake rera waƙar a saka tasa, kaman yadda The Crew-Cuts suka yi da "Sh-Boom" ta The Chords a 1954, ko Pat Boone da "Tutti Frutti" ta Little Richard.

Amma in muka tsaya a nan bamu faɗi gaskiya duka ba, dan Platters baƙaƙe ne, Drifters da Coasters baƙaƙe ne, Shirelles ɗin da suka ci kasuwa da waƙarsu ma baƙaƙe ne, kuma duk sun tsallaka. Bambancin shine irin sautin. Daga 1955 kasuwar ta koma hannun yara 'yan sakandare, su kuwa Royales manyan mutane ne 'yan kudu, muryoyinsu da kauri, waƙoƙinsu na maganar manya ne, talauci da kishi da nadama da zaman aure, wasu kuma irin "Laundromat Blues" cike suke da habaicin batsa da rediyo bazai taɓa ba. Platters suna da Buck Ram yana gyara masu komai ya yi santsi, Coasters da Drifters suna da marubutan waƙa Leiber da Stoller da ƙarfin kamfanin Atlantic, su kuma nasu marubucin yana cikinsu yana rubuta abun da ya sani.

Sannan ga cunkoso a King. A 1956 kaɗai kamfanin yana da "Fever" ta Little Willie John, da "Honky Tonk" ta Bill Doggett, da "Please, Please, Please" ta James Brown, ga Midnighters. Kamfanin da ke da waɗannan a hannu ba lallai ya kashe kuɗin talla kan ƙungiyar da rabonta da babbar waƙa tun 1954 ba.

Akwai kuma dalili na uku da ya shafi bayan zamaninsu, kuma inaga shine ya fi cutar da sunansu. Da aka zo rubuta tarihin kiɗan, an rarraba shi gida-gida. Masu tara faifan doo-wop, wato salon ƙungiyoyin masu haɗa murya, suna son murya mai zaƙi irin ta samarin New York, Royales sun yi masu kaushi. Masu bin jitar blues suna neman sunan mutum ɗaya a jikin faifai irin B.B. King, bazasu leƙa faifan ƙungiyar mawaƙa ba. Masu tarihin soul kuma daga wajen 1960 suke fara lissafi. Sai suka faɗa tsakani, kowane ɓangare yana ganin na wani ne.

Yaya ƙarshensu ya kasance?

Sun bar King wajen 1960, suka yi faifai a ƙananan kamfanoni harda Home of the Blues na Memphis, babu wanda ya tashi, zuwa tsakiyar shekarun 1960 ƙungiyar ta watse. Yawancinsu sun koma Winston-Salem suka kama aikin yau da kullum, Johnny Tanner ya koma waƙar coci.

Lowman Pauling ya rasu ranar 26 ga Disamba 1973 a New York yana da shekara 47, a lokacin aikin kula da wani wurin ibada yake yi. Shekara shida kacal kenan bayan waƙar da ya rubuta ta kai lamba 2 a Amurka a bakin The Mamas & the Papas. A jikin faifan ma sunansa ba shi kaɗai bane, an haɗa da na Ralph Bass, furodusan kamfanin, wato ko kason marubuci raba shi ake yi. Otto Jeffries ya bi shi a 1975, Eugene Tanner da Obadiah Carter a 1994, Johnny Tanner a 2005, Jimmy Moore a 2008.

Ai an shigar dasu Rock and Roll Hall of Fame a 2015, me kuma ake nema?

An shigar dasu wannan gida na karrama fitattun mawaƙa, a watan Afrilun 2015 a Cleveland, Steve Cropper ne ya gabatar dasu, a bikin da aka karrama Ringo Starr da Bill Withers da Green Day. Na ji daɗin hakan kuma iyalansu sun cancanci wannan ranar. Amma duba lissafin da kyau.

Ƙa'idar wurin ita ce shekara 25 bayan faifanka na farko, to tun ranar da aka fara shigar da mutane a 1986 sun cika sharaɗi. A wannan shekarar aka shigar da James Brown da Ray Charles. Hank Ballard 1990, Booker T. & the M.G.'s 1992, Shirelles 1996, The Mamas & the Papas 1998. Manyan waɗanda suka ɗauki waƙarsu ko salonsu sun riga su shiga, wasu da kusan shekara talatin. An saka sunansu a takara a 2002 da 2004 masu zaɓe basu basu ƙuri'a ba. Kafin a waiwaye su babu ko ɗaya daga cikin shidan da ke raye, Jimmy Moore na ƙarshensu ya yi kusan shekara bakwai a kabari.

Kuma ta wace ƙofa aka shigar dasu? Ba a sahun mawaƙa da ake zaɓa ba, a rukunin waɗanda suka yi tasiri tun farko, rukunin da aka tanada asali dan irin su Robert Johnson da Louis Jordan da suka yi zamaninsu kafin rock and roll. Royales kuwa mafi kyawun aikinsu tsakanin 1957 da 1959 ne, lokacin Elvis da Chuck Berry da Little Richard suna tsakiyar fili, tsararrakinsu ne ba kakanninsu ba. Wannan shine abun da ya fi tsaya min a rai, dan ya nuna har a wajen karramawa ana kallonsu ne a matsayin waɗanda suka share wa wasu hanya, darajarsu ita ce wane ya koya a wajensu. Ni kuwa cewa nake faifan nasu su kansu sun isa, ko da Cropper bai taɓa ganin Pauling ba, ko da James Brown bai taɓa jin "Think" ba, "Say It" da "Don't Let It Be in Vain" suna nan a matsayin manyan ayyuka na shekarun 1950.

A gida dai an ɗan riga an farga. A farkon shekarun 1990 Winston-Salem ta saka wa wani titi sunansu, jihar ta basu lambar girmamawa ta al'adun gargajiya a 1992 lokacin wasunsu na raye suka karɓa da hannunsu, a 2009 kuma aka shigar dasu gidan karrama mawaƙa na Karolina ta Arewa.

Su kaɗai ne aka yi wa haka?

Ko kusa. The Clovers na Washington sun hau lamba ɗaya a R&B sau uku tsakanin 1951 da 1952, su suka riƙe Atlantic tun kamfanin na tasowa, kuma su suka fara "Love Potion No. 9" a 1959. The Dominoes sun yi "Sixty Minute Man" a 1951, daga cikinsu McPhatter da Jackie Wilson suka fito, an karrama mutanen biyu a 1987 aka bar ƙungiyar. A ranar da aka shigar da Royales waɗannan biyun duk suna waje. Abun da ya fifita Royales a wajena shine su komai nasu a cikin gida yake, rubutu da murya da jita, abun da sai a shekarun 1960 ya zama ruwan dare.

Mu a nan me ya haɗa mu dasu?

Ta hannun James Brown ne. A ƙarshen shekarun 1960 babu mawaƙin waje da ya kai shi tasiri a gidajen rawa na Afirka ta Yamma, Geraldo Pino na Saliyo da salon James Brown ɗin ya cika Legas, shi kansa James Brown ya zo Najeriya a 1970, makaɗansa suka je suka kalli Fela. To mutumin da ya girgiza mu haka, a farkon tafiyarsa waɗannan 'yan Winston-Salem ɗin yake kallo yana koyo. Iyakar alaƙar kenan, bata kai tsaye bace amma ta gaske ce.

Daga ina zan fara saurare?

Ka fara da "Think" ta 1957, ka bi ta da ta James Brown ta 1960 nan take dan kaji abun da ya ɗauka da abun da ya bari. Sai "Dedicated to the One I Love" ta asali. Daga nan "The Slummer the Slum" da "Say It" dan jita, ka ƙara sauti sosai, a ƙaramar lasifikar waya rabin abun ɓacewa yake. In kana son jin cocin a fili ka koma "Help Me Somebody", in kuma raha kake so akwai "Monkey Hips and Rice" ta 1954, wadda kamfanin Rhino ya ɗauki sunanta ya saka wa tarin waƙoƙinsu da ya fitar a 1994, shine tarin da ya fi sauƙin farawa dashi dan ya haɗa na Apollo da na King. Wanda ya ƙoshi da wannan yana son ƙari sai ya nemi Soul & Swagger na 2014, faifai biyar ne, tun daga waƙoƙin cocin da suka fara ɗauka a 1951 har zuwa na ƙarshe-ƙarshen da suka yi a shekarun 1960.